Muhawara: Binciken lafiya a tashar jiragen ruwa, kariya ce ko jinkiri?

Alhaji Ɗanjuma: Assalamu alaikum. Ina so in kawo gaban wannan zaure wata magana da ta daɗe tana damun masu shigo da kayan abinci ta teku. Kafin kaya su bar ƙasar da aka saye su, hukumar can takan gwada su ta ba da takardar shaidar cewa suna da lafiya, jirgin da ya ɗauko su kuma yana tafe da tasa takardar tsafta. Amma da sun iso sai a tsare kwantena, a ɗebi samfur, a zauna jiran sakamakon ɗakin gwaji, kuɗin jinkiri yana hauhawa kowace safiya, kuma a ƙarshe mai saye a kasuwa ne yake biyan wannan kuɗi ba tare da ya sani ba. Tambayata ita ce, idan takardar farko abin dogaro ce, me ya sa ake sake gwaji, idan kuma ba abin dogaro ba ce, me ya sa ake tilasta mana nemanta? Ina neman masana su warware mini.

Baba Isyaku: Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yi aikin jami'in lafiya na tasha har na yi ritaya, saboda haka zan fara da raba maganarka gida biyu, domin binciken jirgi da mutanen da ke cikinsa aiki ne daban, binciken kayan abinci kuma aiki ne daban, ko da yake a wasu ƙasashe ofishi ɗaya ne yake riƙe da su.

Binciken jirgi yana ƙarƙashin Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na shekarar 2005, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya take kula da su, kuma suka fara aiki ranar 15 ga Yuni, 2007. Kafin jirgi ya iso, kyaftin yana cike takardar bayanin lafiya, inda zai faɗi tashoshin da ya tsaya cikin kwana 30 da suka wuce, ko wani ya rasu a hanya ba ta dalilin haɗari ba, ko akwai wanda ake zaton yana da cuta mai yaɗuwa, ko yawan marasa lafiya ya zarce abin da aka saba gani, har da ko akwai dabba marar lafiya a jirgin. Idan bayanin ya gamsar, ana iya ba jirgi izinin hulɗa da tudu ta rediyo tun bai ɗaure igiya ba, kuma wannan izinin ne jirgi yake nema idan ya ɗaga tuta rawaya. Takardar tsaftar jirgi kuwa wata shida take yi, ana iya ƙara mata wata ɗaya idan babu halin yin bincike a tashar da jirgin ya tsaya, kuma ba kowace tasha ke da ikon bayar da ita ba, sai wadda ƙasarta ta ba izini aka sa sunanta cikin jerin Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da nake so ka riƙe shi ne, wata shida lokaci ne mai tsawo ga jirgin da yake tsayawa tasha bayan tasha, domin ɓera ɗaya mai ciki da ta hau ta igiya a wata na farko ta isa ta sa jirgin ya cika da ɓeraye kafin takardar ta ƙare aiki.

Maryam: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗaliba ce a fannin lafiyar al'umma, kuma ina so in san abin da jami'i yake dubawa da idonsa idan ya hau jirgi, ban da takardu.

Baba Isyaku: Madalla da tambaya, 'yata. Aikin yana farawa tun daga ƙasa, domin kafin ki taka matakala za ki duba ko an saka faifan ƙarfe a kan kowace igiyar ɗaure jirgi don tare ɓera. Daga nan sai ɗakin girki da ma'ajin abinci, inda ake haska fitila bayan murhu da ƙarƙashin kanta ana neman kashin ɓera, da ƙwan kyankyaso, da baƙin tabon maiƙo da jikin ɓera yake bari a bango a hanyar da ya saba bi. Ana karanta ma'aunin sanyin firji, a ga ko an raba ɗanyen nama da dafaffen abinci, a auna sinadarin kilorin a ruwan sha, a tambayi inda aka ɗebi ruwan da yadda ake adana tiyon ɗibarsa. Sai ɗakin jinya, kuma a nan ne ƙwarewa take nuna kanta, domin kyaftin yana iya rubuta cewa babu marar lafiya, amma littafin magani ya nuna an fitar da maganin gudawa mai yawa cikin mako guda. Wanda ya iya haɗa waɗannan biyu shi ne jami'in gaske. Akwai kuma wurin tara shara, da tankin bahaya, da duk inda ruwa yake kwantawa a saman jirgi har sauro ya yi ƙwai. Rumbunan kaya sun fi dubuwa idan babu komai a ciki, shi ya sa dokokin suka fi son a yi aikin kashe ƙwari da ɓera bayan an sauke kaya.

Malam Sulaiman: Da izinin Baba, zan ƙara da ɗan tarihi, domin wannan tsari ba a kan tebur aka ƙirƙiro shi ba, asarar rayuka ce ta haife shi. Tun a 1377 birnin Ragusa, wato Dubrobnik ta yau, ya kafa doka cewa masu zuwa daga inda annoba take su zauna a keɓe wata guda kafin su shiga gari, kuma a 1423 Benis ta ware tsibiri guda don killace masu annoba. To, amma darasin da ya fi dacewa da tambayar Alhaji shi ne na Marsel a Faransa. A watan Mayu na 1720 jirgin Grand Saint-Antoine ya iso daga gabashin Bahar Rum ɗauke da siliki da auduga masu tsada, bayan mutane da dama sun mutu a cikinsa a hanya. Marsel tana da hukumar lafiya da wurin killacewa, babu abin da ta rasa na tsari, sai dai manyan 'yan kasuwar birnin, har da ɗaya daga cikin shugabanninsa, suna da hannun jari a kayan, kuma suna so a kai su babbar kasuwar Bokir ta watan Yuli. Aka sassauta doka, aka sauke kaya, annoba ta shiga gari ta kashe kusan rabin mutanensa. An ƙone jirgin daga baya, a lokacin da ƙonewar ba ta da sauran amfani.

Misali na biyu ya fi kusa da zamaninmu. Ranar 7 ga Nuwamba, 1918 jirgin Talune ya iso Apia a Samowa ta Yamma, wadda Niyu Zilan take mulka a lokacin, daga Okland ta Niyu Zilan da masu murar annoba a ciki, aka bar fasinjoji suka sauka, kuma cikin 'yan makonni kimanin kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar suka rasu. Samowa ta Amurka, wadda take maƙwabtaka da ita, gwamnanta John Poyer ya tsaurara killace jiragen da ke isowa, kuma ba a samu mutuwa ko ɗaya daga wannan annoba a can ba. Sai a 2002 Firaministar Niyu Zilan, Helen Clark, ta je ta nemi gafarar mutanen Samowa a kan wannan sakaci da wasu laifuffukan mulkin ƙasarta.

Alhaji Ɗanjuma: Malam, na gode, kuma babu mai hankalin da zai yi jayayya da waɗannan labarai. Amma zamanin ya sauya. Yau mai cuta jirgin sama yake hawa, ya isa wata nahiya kafin zazzaɓi ya bayyana a jikinsa, alhali jirgin kaya bai fi mutum ashirin da 'yan kai a ciki ba. Kuma mun ga abin da ya faru da Diamond Princess a Yokohama a Fabrairun 2020, inda aka tsare mutum 3,711 a cikin jirgi da sunan killacewa, aka tashi da 712 sun kamu da korona. Ashe tsarewa ma tana iya zama cuta.

Injiniya Bala: Alhaji, a wannan gaɓar ina tare da kai rabi. Ni ma'aikacin jirgi ne, a ɗakin inji nake, kuma abin da ya same mu a 2020 ba za mu manta da shi ba. Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wani lokaci a shekarar kimanin ma'aikatan jirgi 400,000 ne suka maƙale a teku bayan wa'adin aikinsu ya ƙare, domin tashoshi sun hana su sauka, wasu ma da ciwo mai tsanani aka hana kai su asibiti. Wannan ba bincike ba ne, tsoro ne aka sa masa rigar doka, kuma illarsa ita ce kyaftin ya koyi ɓoye marar lafiya, tunda ya san faɗin gaskiya zai jawo a tsare jirginsa ba tare da an taimaki kowa ba. Dokokin 2005 ɗin da Baba ya ambata sun hana a ƙi ba jirgi izinin sauke kaya ko ɗaukar ruwa da abinci da mai don dalilin lafiya kawai, sai dai a bincika a ɗauki matakin da ya dace da abin da aka gani.

Inda na rabu da kai shi ne, ba mutum kaɗai jirgi yake ɗaukowa ba. Jirgin da ba shi da kaya yakan zuƙi dubban tan na ruwan teku cikin tankunansa don ya daidaita, ya je wata nahiya ya zubar. Bayan kwalara ta ɓarke a Peru a 1991, masu bincike a Amurka sun sami ƙwayar cutar a irin wannan ruwa cikin jiragen kaya da suka iso tashoshin gaɓar Tekun Meziko daga Kudancin Amurka. Yarjejeniyar da ta tilasta tace wannan ruwa an amince da ita a 2004, amma sai a Satumbar 2017 ta fara aiki. Haka kuma sauron nan mai zane-zanen fari na Asiya, wanda yake yaɗa zazzaɓin denge, cikin tsofaffin tayoyi ya bi jiragen ruwa ya bazu, aka same shi ya kafu a birnin Hiyuston na Amurka a 1985, domin ƙwansa yana jure bushewa na watanni, da ruwa ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe. Ba jirgin sama ne ya yi wannan aikin ba.

Sannan ina roƙon 'yan zaure su tuna cewa mu da muke kwana a jirgi mu ne na farko da binciken nan yake karewa. Idan mai jirgi yana ƙoron gyara firji ko wanke tankin ruwan sha, ƙaramin ma'aikaci ba shi da bakin magana, amma idan jami'in lafiya ya rubuta a takarda, gyara ya zama dole.

Dakta Hadiza: Sallama ga kowa. Na ga har yanzu ba a taɓa ainihin tambayar Alhaji ba, wato ta kayan abinci, kuma tunda aikina ke nan a ɗakin gwaji, bari in amsa. Takardar ƙasar da kaya suka fito tana ba da shaida a kan halin da kayan suke ciki ranar da aka ɗebi samfur, ba ta san abin da zai faru cikin makonnin tafiya ba. Kwantena akwatin ƙarfe ne da rana take gasawa, dare ya sanyaya shi, kuma idan jirgi ya tashi daga wuri mai zafi ya shiga mai sanyi, danshin da ke cikin kayan yakan taru a rufi ya riƙa ɗigowa kan buhuna. Hatsi ko gyaɗar da aka loda a bushe tana iya isowa da fumfuna, kuma wani irin fumfuna yana fitar da gubar afulatokzin, wadda take haddasa kansar hanta, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. Duniya ta san wannan guba ne ta hanyar kayan da aka shigo da su ta teku, lokacin da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa daga Barazil.

Wahalar gwajinta ita ce ba ta bazuwa daidai cikin kaya. Ƙwaya kaɗan ne cikin dubbai suke ɗauke da kusan dukkan gubar, saboda haka idan aka ɗebi tafi guda daga buhun bakin ƙofa, sakamakon ba ya nufin komai. Shi ya sa tsarin Hukumar Kodeks mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, wadda Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, ya ce a tara samfurin gyaɗa mai nauyin kilo 20 daga wurare da yawa cikin kayan, a niƙe shi gaba ɗaya kafin a auna. Wannan yana nufin sauke buhuna, da ma'aikata, da lokaci. Don haka kaya ɗaya suna iya cin jarrabawa a can su faɗi a nan ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Kayan sanyi kuma nasu haɗarin daban ne. Daskararren abinci ana riƙe shi a digiri 18 ƙasa da sifili ko ƙasa da haka, kuma idan lantarkin kwantena ya yanke na wani lokaci, kifi irin su tuna yakan tara sinadarin histamin, wanda yake sa ƙaiƙayi da amai da ciwon kai jim kaɗan bayan an ci. Idan wuta ta dawo kifin zai sake daskarewa ya yi kamar babu abin da ya faru, amma histamin yana nan, soyawa ba ta kashe shi. Abin da yake tona asiri shi ne na'urar da take rubuta sanyin kwantena tun daga lodi har sauka, da kuma manyan dunƙulen ƙanƙara a cikin kwali, waɗanda suke nuna an narke an sake daskarewa.

Alhaji Ɗanjuma: Dakta, wannan bayani ya shiga. To, amma idan haka ne, a daina wahalar da mu da takardar can mana, tunda ga dukkan alamu gwajin nan shi ne na gaskiya.

Dakta Hadiza: A'a Alhaji, kowanne yana ganin abin da ɗayan ba ya gani. Ni a ɗakin gwaji ba zan iya sanin ko mayankar da aka yanka dabba tana da tsafta ba, ko likitan dabbobi ya duba ta da rai, ko yankin yana fama da wata cutar dabbobi. Hukumar can ce kaɗai take da ido a kan wannan, kuma takardar ce take ɗaure ta da alhaki, ta kuma ba mu hanyar bin sawun kaya har masana'antarsu idan an sami matsala. Ita kuma ba za ta iya ganin abin da ya faru a teku ba.

Akwai kuma abin da ya wuce duka biyun, wato ha'incin da aka shirya don ya tsallake gwaji. A 2008 a ƙasar Sin an zuba sinadarin melamin a madara, domin gwajin da aka saba yi yana auna sinadarin naitirojin ne ya lissafa furotin da shi, melamin kuma cike yake da naitirojin. Jarirai kimanin 300,000 suka kamu da ciwon ƙoda da mafitsara, shida suka rasu, kuma kayan da aka yi da madarar sun riga sun isa ƙasashe da yawa da cikakkun takardu. Haka a Satumbar 2020 Beljiyam ta gano sinadarin etilin okzayid, wanda ake turara kaya da shi don kashe ƙwayoyin cuta, a riɗin da aka shigo da shi daga Indiya, abin da ya jawo janye dubban kayayyaki daga kasuwannin Turai. Ɗakin gwaji abin da aka tambaye shi kawai yake amsawa, shi ya sa labarin da tashoshi suke aika wa juna yake da daraja kamar na'ura. Turai tana da tsarin gargaɗin gaggawa a kan abinci tun 1979, kuma a 2004 aka kafa makamancinsa na duniya.

Maryam: Dakta, to ashe kenan ya kamata a buɗe kowane kwantena a gwada shi.

Dakta Hadiza: Babu tashar da take iya wannan, ƙanwata, kuma wadda ta gwada za ta ƙare da yin binciken jeka-na-yi-ka a kan kowa. Tsarin da ya fi inganci hawa uku ne. Ana duba takardun kowane kaya, tun kafin jirgi ya iso idan zai yiwu. Sannan a tabbatar cewa lambar hatimin kwantena da rubutun kwali sun dace da takardu. Gwajin ɗaki kuwa sai a kan wani kaso, kuma kason yana hawa ko sauka gwargwadon haɗarin abincin, da tarihin ƙasar da ya fito, da tarihin mai shigo da shi. Madarar jarirai da ɗanyen nama ba daidai suke da gishiri ba. Ɗan kasuwar da kayansa suka yi shekaru suna fita lafiya ya cancanci sauƙi, wanda aka taɓa kamawa kuma a tsananta masa har sai ya wanke kansa. A ganina yawancin kukan 'yan kasuwa daga rashin wannan bambancewa yake fitowa.

Alhaji Ɗanjuma: Yanzu muka zo wurin. An taɓa tsare mini kwantenan daskararren kaya a wata tasha ana jiran sakamako, aka ajiye shi inda babu wurin jona lantarki, kuma lokacin da takarda ta fito cewa samfurin lafiya lau ne, kayan da kansu sun riga sun lalace. Binciken da aka yi don kare mai ci shi ne ya mai da abinci mai kyau ya zama guba, kuma da ni marar tsoron Allah ne, takardar tana hannuna, da na sake daskarar da su na kai kasuwa.

Dakta Hadiza: Wannan ba daidai ba ne, Alhaji, kuma ba zan kare shi ba. Duk hukumar da ta tsare kaya, kula da sanyinsu ya hau kanta. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a kan matakan lafiyar mutane da dabbobi da tsirrai, wadda ta fara aiki a 1995, ta ce a kammala bincike ba tare da jinkiri marar dalili ba. Yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki da ta fara aiki a Fabrairun 2017 ta ƙara da cewa a ba kaya masu saurin lalacewa fifiko, a tanadi ko a ba da damar ajiye su inda ya dace kafin a sallame su, kuma ta buɗe ƙofar gwaji na biyu idan na farko bai yi wa mai kaya daɗi ba. Hanya mai sauƙi ita ce a bar mai kaya ya kai su ɗakin sanyinsa a ƙarƙashin hatimin hukuma, kada ya sayar sai sakamako ya fito. Wani jinkirin dai ba a iya kauce masa, domin renon ƙwayar cuta irin salmonela a ɗakin gwaji yana cin kwanaki, amma jinkirin da ya samo asali daga ƙarewar sinadaran aiki ko jiran sa hannun wanda ba ya ofis, wannan ba kimiyya ba ce.

Baba Isyaku: Tunda an fara faɗin gaskiya, bari in faɗi wadda ta fi ɗaci a ɓangarenmu. Babban abin da yake kashe wannan aiki shi ne takardar da ake sa wa hannu a ɗakin kyaftin ba tare da an sauka ɗakin girki ba. Na ga takardun tsafta sababbi fil a jiragen da ƙaramin yaro ma zai ga kashin ɓera a ma'ajinsu, kuma duk tashar da jirgin ya je bayan nan da wannan takarda za ta fara auna shi. Jami'i ɗaya da ya sayar da sa hannunsa ya yaudari tashoshi goma. Maganin da na ga yana aiki shi ne bayyana sakamako a fili. Tun 1975 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka take binciken jiragen yawon buɗe ido ba tare da sanarwa ba, tana ba da maki cikin 100, wanda ya gaza 86 ya faɗi, kuma kowa yana iya karanta rahoton a intanet. Kamfani yana tsoron wannan fiye da tara.

Ina kuma so 'yata Maryam ta san cewa aikin yana da haɗari ga mai yin sa. Ana turara hatsi da iskar fosfin a cikin rumbun jirgi ko kwantena don kashe ƙwari, wani lokaci ba a liƙa gargaɗi a ƙofa ba, kuma wannan iska ta kashe ma'aikatan jirgi da na tasha. Kada ki taɓa sa kai cikin kwantena sai an auna iskarsa an bar shi ya sha iska.

Malam Sulaiman: Ina da tambaya ga Dakta. Kayan da aka ƙi karɓa a wata tasha, ina suke ƙarewa?

Dakta Hadiza: Hanya uku ce, Malam: a lalata su, ko a sarrafa su zuwa wani amfani idan hakan zai kawar da haɗarin, ko a mayar da su. Ta ukun ce take hana ni barci, domin kayan da aka kora ba dole ne su koma inda suka fito ba, suna iya neman tashar da bincikenta ya fi rauni. Wani lokaci ma babu karya doka a ciki, tunda iyakokin ƙasashe sun bambanta. Tarayyar Turai ba ta yarda jimillar afulatokzin ta wuce maikirogiram 4 a kowane kilo na gyaɗar da za a ci kai tsaye ba, Amurka ta tsaya a 20, Kodeks kuma ta sa 15 ga gyaɗar da za a ƙara sarrafawa. Abin da yake faruwa shi ne, mafi kyawun kaya suna tafiya inda ake tsanantawa, ragowar kuma su gangara inda ba a dubawa. Ƙasar da ta sassauta bincikenta don jawo ciniki ba kaya masu rahusa kawai take jawowa ba, har da waɗanda kowa ya ƙi. Shi ya sa nake ganin mai shigo da kaya na gari ya fi kowa cin moriyar bincike mai ƙarfi, domin idan babu shi, wanda ya sayi korarrun kaya a rabin kuɗi zai kore shi daga kasuwa.

Injiniya Bala: A ɓangaren jirage ma haka abin yake. Jirgin da ya san ba zai ci jarrabawa ba yakan jira sai ya isa tashar da aka sani da sauƙin hannu kafin ya sabunta takardarsa, kuma ma'aikata suna sanin sunayen irin waɗannan tashoshi.

Alhaji Ɗanjuma: Na gamsu cewa takardar can da gwajin nan ba maimaicin juna ba ne. Amma ban janye kukana ba, na dai san inda zan kai shi. Abin da zan nema ta hannun ƙungiyarmu shi ne a rubuta a fili kwana nawa kowane gwaji yake ɗauka, a duba takardu kafin jirgi ya iso, a tabbatar da lantarki ga duk kwantenan sanyi da aka tsare, kuma kuɗin bincike a biya shi a banki a karɓi rasit. Saura abu ɗaya, Dakta. Idan na nemi gwaji na biyu, daga ina za a ɗebi samfurin, tunda ke da kanki kin ce ɗiba biyu daga kaya ɗaya suna iya ba da sakamako daban?

Dakta Hadiza: Ba a komawa kwantena, Alhaji. A ranar ɗibar farko, kai ko wakilinka kuna tsaye, bayan an niƙe samfurin an gauraya shi sosai ana raba shi kashi uku, a liƙe kowanne da hatimi mai lamba, ku sa hannu tare da jami'i. Kashi ɗaya ya tafi ɗakin gwaji, ɗaya ya zauna don kare kanka, na uku kuma a adana shi don wani ɗakin gwaji mai zaman kansa da aka amince da ingancinsa ya raba gardama idan biyun farko sun saɓa. Ka nemi a rubuta lambobin hatimin uku a kan takardar ɗibar samfur kafin ka bar wurin, kuma idan kayan sanyi ne, ka tabbatar an rubuta sanyin da aka auna a tsakiyar kwali a daidai lokacin da aka buɗe ƙofa.